Babi na Takwas: Matafiyi da Bindigarsa Tsakanin Jihohin Amurka

Kogin Delaware ne ya raba birnin Philadelphia na jihar Pennsylvania da garin Camden na jihar New Jersey, kuma cikin 'yan mintuna mota take ƙetare gadar da ke kansa. Babu jami'in kwastan, babu mai tambayar fasfo. Dalar da ke aljihun direba tana nan a dalarta, lasisin tuƙinsa yana aiki a ƙetare, takardar aurensa ma haka. Lasisin riƙe bindiga kuwa, da zarar tayar mota ta wuce tsakiyar gadar, ya tashi daga aiki. Mutumin da ya hau gadar yana mai bin doka zai sauka daga kanta da laifin da zai iya kai shi kurkuku na shekaru, alhali bai taɓa kowa ba, bai ma taɓa bindigar ba.

Haka ta faru da wata mata 'yar Philadelphia a watan Oktoba na 2013. Baƙar fata ce, tana aikin ɗibar jinin gwaji, ita kaɗai take riƙe da 'ya'yanta biyu. An yi mata fashi har sau biyu cikin shekara guda, sai ta bi hanyar da doka ta shimfiɗa, ta nemi lasisi a Pennsylvania aka ba ta, ta sayi ƙaramar bindiga ta sa a jaka. Bindigar ba ta daɗe a hannunta ba ta kama hanyar Atlantic City da ke New Jersey. Ɗan sanda ya tsayar da ita kan ƙaramin laifin tuƙi, wai ta sauya layi ba bisa ƙa'ida ba. Ita da bakinta ta gaya masa akwai bindiga a motar, ta kuma nuna lasisinta, don a ganinta abin da mai gaskiya zai yi ke nan. Nan take aka sa mata ankwa. New Jersey ba ta karɓar lasisin bindiga na kowace jiha in ba nata ba, kuma dokarta ta tanadi aƙalla shekara uku da rabi a gidan yari ga wanda aka samu da ƙaramar bindiga ba izini, hukuncin da alƙali ba ya iya rage shi don raɗin kansa. Ta yi makonni a tsare kafin a samu kuɗin beli, aikinta kuma ya tafi.

Akwai wani shiri na sassauci da jihar ke yi wa masu laifin farko, a sa musu ido na wani lokaci, in ba su sake ba a soke tuhumar. Mai gabatar da ƙara ya hana ta shiga. Abin da ya tayar da ƙura shi ne, ofishin nan dai shi ne ya amince ɗan wasan ƙwallon Amurka Ray Rice ya shiga shirin, bayan ya naushi matar da zai aura har ta suma a cikin lif na wani gidan caca a Atlantic City. Da jama'a suka jera shari'o'in biyu, surutu ya yi yawa, a watan Satumba na 2014 aka sauya shawara aka karɓe ta. A watan Afrilu na 2015 Gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa. Ta tsira, amma don labarinta ya shiga jaridu da talabijin. Waɗanda labarinsu bai shiga ba sun yi zaman kurkukunsu.

Tushen wannan tufka da warwara yana cikin yadda aka gina ƙasar. Gyara na Biyu na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka tabbatar a 1791, ya ba 'yan ƙasa 'yancin mallaka da riƙe makami. Sai dai kundin ya bar wa jihohi yawancin ikon tsara dokokin laifuka da kiyaye zaman lafiya a cikin iyakokinsu. Wa zai fita da bindiga, a ɓoye ko a bayyane, da harsashi a ciki ko babu, ina zai shiga da ita, duka majalisar kowace jiha ce ke yankewa. Jihohi 50, ga gundumar babban birni Washington, kowa da kiɗinsa. Zuwa 2024 jihohi 29 sun yarda baligi wanda doka ba ta haramta wa mallakar bindiga ba ya rataya abinsa ba tare da neman lasisi ba. Alaska ta shiga wannan sahu a 2003, Arizona a 2010, Texas a 2021, Florida a 2023. Vermont kuwa tun asali ba ta taɓa neman lasisi ba. A ɗaya gefen akwai New York da New Jersey da California da Massachusetts da Maryland da Hawaii, inda lasisi ke da wuyar samu, kuma na wata jiha ba ya aiki ko kaɗan.

Tsakanin waɗannan ɓangarori biyu akwai yarjejeniyoyi na ban-gishiri-in-ba-ka-manda, jiha ta ce in kin karɓi lasisina zan karɓi naki. Wata tana karɓar na kowa, wata sai na jihohin da horonsu ya kai nata, wata kuma tana karɓar lasisin ne kawai in mai shi mazaunin jihar da ta bayar ne. Jerin yana sauyawa da sauyin gwamna ko babban lauyan jiha, don haka abin da matafiyi ya sani bara ba lallai ya yi masa amfani bana ba. Ɗan Vermont ma ya fi kowa shiga uku. Tun da jiharsa ba ta buga lasisi, ba shi da takardar da zai nuna a wani wuri, sai ya nemi irin wanda Utah ko Florida ke ba waɗanda ba mazaunansu ba.

Mai karatu ɗan Najeriya zai ga baƙon abu a nan, don a tsarin mulkin 1999 makamai da harsasai suna cikin jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma dokar bindigogi ta 1959 ita ce ta kowa daga Sakkwato har Fatakwal. Amma tsoron baƙo mai bindiga mun san shi, mun kuma ga inda yake kaiwa. A ƙarshen watan Maris na 2025 aka tare wata babbar mota a Uromi ta jihar Edo, ɗauke da mafarauta da suka taso daga jihar Ribas za su Kano yin Sallah. Aka ga bindigogin farauta a wurinsu, aka ce masu garkuwa da mutane ne, taron jama'a ya kashe mutum 16. A Amurka kotu ce ke jiran matafiyi, ba taron 'yan ɗaukar doka a hannu ba, kuma wannan bambanci ne babba. Abin da ya haɗa su shi ne, makamin da a garinku kowa ya san kayan sana'arka ne, a garin wasu shi ne shaidar da za a kafa a kanka.

Majalisar dokokin Amurka ta daɗe da sanin matsalar. A 1968, shekarar da aka harbe Martin Luther King da Robert Kennedy, ta kafa dokar taƙaita cinikin bindiga tsakanin jihohi, wadda har yau ta hana mutum sayen ƙaramar bindiga a wata jiha ya sa ta a aljihu ya dawo gida. Dole a aika ta ga dillali mai lasisi a jiharsa, can zai karɓa. Masu bindiga suka yi ta ƙorafi shekara da shekaru cewa ana kama mafarauta da masu gasar harbi a hanya. A ranar 19 ga Mayu 1986 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar kare masu mallakar bindiga, wadda Sanata James McClure na Idaho da ɗan majalisar wakilai Harold Volkmer na Missouri suka jagoranta. A cikinta akwai sashe guda gajere, mai lamba 926A, wanda duk mai tafiya da bindiga a ƙasar ya dogara da shi.

Sashen ya ce mutum na iya wucewa da bindiga ta kowace jiha, komai tsaurin dokarta, in an cika wasu sharuɗɗa. Inda ya taso doka ta halatta masa mallaka da riƙe ta, inda za shi ma haka. Babu harsashi a cikinta. Ita da harsasan duka suna inda hannu ba zai kai gare su ba daga wurin zaman mutane. In motar ba ta da but da ya rabu da wurin zama, kamar a-kori-kura ko jif, sai a sa su a akwati mai kulle, kuma dokar ta fito fili ta ce aljihun gaban mota da akwatin da ke tsakanin kujerun gaba ba sa cikin lissafi.

A ɗauki mafaraucin Pennsylvania da zai je dazukan Maine a lokacin farautar barewa. Tun a ƙofar gidansa yake zare gidan harsashi, ya ja bindigar baya ya leƙa ya tabbata babu ko ɗaya da ya maƙale a ciki, ya kwantar da ita a akwati mai tauri ya datse kwaɗo. Harsasan ya zuba su a wani akwatin dabam, ko da yake dokar ba ta tilasta raba su ba, don ya san idon ɗan sanda ya fi natsuwa in ya gan su a rabe. Duka ya tura su can ƙuryar but, ya jibga jakunkuna a kai. Masu yawan wannan tafiya sukan buga sashen dokar a takarda su haɗa da lasisin farauta da takardar masaukin da za su, don ba kowane ɗan sandan hanya ne ya taɓa karanta shi ba. Ya cika tanki kafin ya bar jiharsa. Duk wannan shiri saboda taswira ne. Jihohi shida na kusurwar arewa maso gabas, wato Maine da New Hampshire da Vermont da Massachusetts da Connecticut da Rhode Island, ba su da iyakar ƙasa da wata jihar Amurka sai New York. In ba ta Kanada zai zaga ba, dole ya ratsa New York. Maine da New Hampshire da Vermont ba sa neman lasisi, amma hanyar zuwa wurinsu ta bi ta ɗaya daga cikin jihohin da suka fi tsanani a ƙasar.

A takarda maganar ta yi kyau. Ramin da ke cikinta shi ne dokar ta yi magana a kan wucewa, ba ta ce komai a kan yada zango ba. Tsayawa shan mai ko shiga banɗaki, galibi ana ɗaukarsu cikin tafiya. To, cin abinci na awa guda fa? Biyawa a gaida ƙanwa da ke aure a hanya? Barci ya ci ƙarfin direba ya kama ɗaki a otal? Amurka ƙasa ce da daga gabas zuwa yamma mutum zai yi kwanaki yana tuƙi, amma dokar da aka yi don matafiya ta manta matafiyi yana kwana.

Wani mutumin Utah ne ya gano zurfin wannan rami. A ƙarshen Maris na 2005 ya taso daga Salt Lake City a jirgi zai je Allentown ta Pennsylvania, da sauyin jirgi a Minneapolis da Newark. Ya bi ƙa'ida tun farko: bindiga ba harsashi, a akwati mai kulle, cikin kayan da ake aunawa, ya kuma sanar da ma'aikatan kamfanin jirgin. Jirginsa ya makara, ya iso Newark da ke New Jersey na gaba ya riga ya tashi. Kamfanin ya shirya musu bas, sai ya lura kayansa ba sa ciki, don an yi kuskuren rubuta Newark a matsayin inda za su tsaya. Ya sauka ya nemo su, kafin ya dawo bas ta tafi. Dare ya yi, ya ɗauki kayansa ya kwana a otal kusa da filin jirgin. Da safe ya dawo kanta, ya sake sanar da cewa akwai bindiga a jakarsa, kamar yadda doka ta ce. Aka kira 'yan sanda, aka kama shi da laifin riƙe bindiga ba lasisin New Jersey da kuma riƙe wani nau'in harsashi da jihar ta taƙaita. Ya yi kwanaki a tsare. Bayan wata huɗu aka janye tuhumar, bindigarsa kuwa sai a 2008 aka mayar masa.

Ya kai ƙara yana neman diyya. A 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai kula da yankin ta yanke cewa sashe na 926A bai kare shi ba, domin a daren da ya kwana a otal bindigar tana inda hannunsa zai iya kaiwa. Alƙalan sun nuna sun fahimci halin da ya shiga, har suka ba da shawara cewa wanda tafiya ta yanke masa haka kada ya karɓi jakarsa, ya je wurin 'yan sanda ko ma'aikatan filin jirgin ya nemi su riƙe masa ita. Shawara ce mai amfani, sai dai wane ne zai yi wannan tunani da tsakar dare a garin da bai sani ba, yana ganin jakarsa a gabansa? Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ɗaukaka ƙarar.

Akwai rami na biyu, wanda a ganina ya fi na farko muni. A New York da New Jersey ana ɗaukar sashen a matsayin hujjar kare kai a gaban alƙali, ba garkuwar da za ta hana kamu ba. Ɗan sanda zai kama ka, a ƙwace bindigar, ka nemi beli, ka ɗauki lauya, sai a ranar shari'a ka fito da hujjarka. Mai kuɗi zai jure wannan. Direban babbar mota ko ma'aikaciyar asibiti da ke rayuwa daga albashi zuwa albashi, kafin ranar shari'a aiki ya tafi, haya ta taru, sai lauya ya ba da shawarar a amsa ƙaramin laifi a huta. Haka mutane da yawa suke fita da tabon laifi a takardunsu alhali dokar tarayya tana gefensu. Dokar New York ma tana da wata ma'ana ta musamman: bindiga tana zama ɗurarriya in mai ita yana riƙe da harsashin da ya dace da ita a lokaci guda, ko da ba a sa shi ciki ba. Da wannan ma'ana laifin yake tsallakawa zuwa babba mai ɗauke da aƙalla shekara uku da rabi. Filayen jirgin John F. Kennedy da LaGuardia sun yi suna a kan haka, matafiyi ya zo kanta ya sanar da bindigarsa kamar yadda ya yi a garinsu, a kira masa 'yan sanda.

Ƙa'idar jirgin sama ita kanta ba ta da sarƙaƙiya. Hukumar tsaron sufuri ta TSA ta ce bindiga ba ta shiga jakar hannu, sai kayan awo, ba harsashi, a akwati mai tauri da kulle, a kuma sanar a kanta. Duk da haka, a 2023 jami'anta sun tsinci bindigogi 6,737 a wuraren binciken fasinjoji, kusan kashi 93 cikin 100 da harsashi a ciki, kuma amsar da aka fi ji ita ce mantuwa. Ba na jin tausayin waɗannan yadda nake jin na mutumin Utah. Wanda zai manta da ɗurarriyar bindiga a jakar da yara ke buɗewa ya cancanci tarar da ake ci, wadda a 2023 takan kai kusan dala 15,000. Jirgin ƙasa na Amtrak yana karɓar bindiga cikin kayan awo tun 2010 in an sanar kwana guda kafin tafiya, motocin safa na Greyhound kuwa ba sa ɗauka sam.

Ko bindigar ta tsallake, kayan da ke tare da ita na iya kama mutum. Gidan harsashi mai cin fiye da 10, wanda a Texas ko Pennsylvania shi ne yake zuwa da bindigar daga kanti, haramun ne a New York da New Jersey da California da wasu jihohin. New Jersey ta taƙaita harsashi mai rami a tsini, wanda ke buɗewa in ya shiga jiki, alhali a wasu jihohi shi ake ba masu kare kai shawarar su saya don ba ya ratsa bango ya sami maƙwabci. Gajerun bindigogin kafaɗa da masu sarrafa kansu sai an nemi izinin hukumar tarayya mai kula da bindigogi, wato ATF, a rubuce kafin a ƙetara iyakar jiha da su. Ga kuma dokar tarayya ta 1990 da ta hana bindiga a tazarar ƙafa 1,000, kimanin mita 300, daga makarantar firamare ko sakandare. Ta ware wanda ke da lasisin jihar da makarantar take, ta kuma ware bindigar da ba harsashi kuma a kulle. Lasisin wata jiha bai shiga ba, ko da jihar da kake ciki ta amince da shi. A cikin gari kuwa, da wuya ka yi tuƙin minti goma ba ka gifta makaranta ba. Gandun daji na ƙasa suna bin dokar jihar da suke tun 2010, amma gine-ginen gwamnatin tarayya da ke cikinsu ba a shiga da makami, kuma Yellowstone kaɗai ta taɓa jihohi uku, Wyoming da Montana da Idaho.

Lokacin da ya fi haɗari a duk tafiyar shi ne mintunan da ɗan sanda ke tahowa daga motarsa zuwa tagar direba. A wasu jihohi, irin su Michigan da North Carolina, dole mai lasisi ya fara faɗa da kansa cewa yana ɗauke da bindiga. A wasu sai an tambaye shi. Malaman horon bindiga sukan koya wa ɗalibai su kashe mota, su sauke gilas, su kunna fitilar ciki in dare ne, su ɗora hannu biyu a kan sitiyari, kada su miƙa hannu ko'ina sai sun nemi izini. Philando Castile, baƙar fata ɗan shekara 32 mai kula da ɗakin cin abincin wata makaranta, yana da lasisin Minnesota, a jiharsa yake, kuma da aka tsayar da shi a watan Yuli na 2016 ya faɗa wa ɗan sandan cikin natsuwa cewa yana da bindiga. Cikin daƙiƙu aka ɗirka masa harsasai, budurwarsa na gefensa, 'yarta mai shekara 4 tana kujerar baya. A 2017 kotu ta wanke ɗan sandan. Duk wanda ya san wannan labari, ya kuma san na matar Philadelphia, ba zai ce nauyin waɗannan dokoki yana faɗa wa kowa daidai ba.

Adalci ne a saurari New York da New Jersey, domin tsaurinsu ba na banza ba ne. Babbar hanya mai lamba 95, wadda ta taso daga Florida ta bi gaɓar teku har Maine, ita ce hanyar masu fasa-ƙwaurin bindiga. Ana saya da sauƙi a Georgia ko Virginia ko jihohin Carolina biyu, a loda a but, a sayar a unguwannin New York da riba ninki-ba-ninki. Rahoton ofishin babban lauyan jihar New York na 2016 ya nuna kashi 74 cikin 100 na bindigogin da aka kama a laifuka tsakanin 2010 da 2015 daga wasu jihohi suka fito, a ƙananan bindigogi kuwa kashi 86. Ɗan sandan da ya buɗe but ya ga akwatin bindiga da lambar motar wata jiha, wannan lissafin ne a kansa. Kuma birnin da mutum sama da miliyan 8 ke cunkushe a jiragen ƙarƙashin ƙasa yana da haƙƙin ya ƙi dokar da ta dace da makiyayan Wyoming, inda ɗan sanda mafi kusa kan yi awa guda bai iso ba.

Saboda haka ban gamsu da masu son a tilasta wa kowace jiha karɓar lasisin kowace jiha ba. Majalisar wakilai ta amince da irin wannan ƙuduri a watan Disamba na 2017, ya mutu a majalisar dattawa, ana kuma ta dawo da shi. Masu goyon bayansa sukan kafa hujja da lasisin tuƙi, amma kowace jiha tana gwada direba kafin ta ba shi, alhali wasu jihohin ba sa neman ko awa guda ta horo kafin mutum ya rataya bindiga. In aka tilasta, jihar da ta fi kowa sakaci ita ce za ta rubuta wa sauran doka. Sukan kuma ce ai tun 2004 dokar tarayya ta ba 'yan sanda masu aiki da waɗanda suka yi ritaya damar riƙe bindiga a kowace jiha. Gaskiya ne, sai dai su ma da sharaɗin gwajin harbi. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yuni 2022, wanda Mai Shari'a Clarence Thomas ya rubuta, ya soke sharaɗin New York na sai mutum ya nuna dalili na musamman kafin a ba shi lasisi, ya kuma tabbatar cewa 'yancin riƙe bindiga bai tsaya a ƙofar gida ba. Amma bai ce jiha ta karɓi lasisin maƙwabciyarta ba, kuma New York ta mayar da martani da sabuwar doka mai dogon jerin wuraren da ba a shiga da makami, har da dandalin Times Square.

Ga 'yan uwanmu da ke zaune a Amurka akwai wani shinge tun kafin a zo maganar jihohi. Mai takardar zama ta dindindin yana iya mallakar bindiga a ƙarƙashin dokar tarayya. Wanda ya shiga da bizar karatu ko ta ziyara ko ta aiki na wucin gadi kuwa, dokar ta haramta masa riƙe bindiga ko harsashi, sai in ya faɗa cikin 'yan keɓantattun da aka ware, kamar mai ingantaccen lasisin farauta. Ɗalibin da abokinsa ya ce ya ajiye masa bindiga a mota na kwana biyu yana wasa ne da karatunsa da zamansa a ƙasar gaba ɗaya, kuma sashe na 926A ba zai yi masa rana ba, don ya fara ne da sharaɗin cewa doka ba ta haramta wa mutum bindigar ba.

Abin da nake gani ya kamata a gyara ya fi ƙudurin 2017 ƙanƙanta, kuma ba ya taɓa ikon kowace jiha a kan wa zai yi yawo da makami a titunanta. A rubuta a cikin sashen cewa kwana a otal da cin abinci da gyaran mota da yankewar jirgi duka suna cikin tafiya, muddin bindigar tana kulle ba harsashi. A haɗa da gidan harsashi da harsasan da suke halal a farkon tafiya da ƙarshenta. A mayar da nauyin kawo hujja kan mai gabatar da ƙara, yadda ɗan sandan da ya ga akwati a kulle da takardun tafiya zai sallami mutum a gefen hanya. Jihohin kuma su ba alƙalansu damar bambanta ɗan fasa-ƙwauri mai bindiga goma a but da uwar da ta miƙa lasisinta da hannunta, domin hukuncin dole na shekara uku da rabi yana koya wa mutane cewa faɗin gaskiya ga ɗan sanda shi ne kuskure. An sha gabatar da ƙudurorin da suka ƙunshi yawancin waɗannan gyare-gyare a majalisun biyu. Ɓangare ɗaya yana ganin sun yi kaɗan, ɗaya ɓangaren yana tsoron duk wata doka da za a ce ta sassauta wa bindiga, sai su tsaya a kwamiti har wa'adin majalisa ya ƙare.